Ranar da Aka Sa wa Gurmi Amsa-kuwwa

Ɗan ƙanwata da abokansa biyu sun zo mini da labarin za su buɗe gidan abinci a bakin titin da ya wuce Difa. Sun sayi kujerun roba, sun samo firigo na hannu, ɗayansu kuma yana da waya cike da waƙoƙi. Na tambaye su wa zai yi musu garso, wato mai kai wa mutane abinci a tebur. Suka dubi juna suka yi dariya. Wai ai wannan ba sana'a ba ce, ko yaro ya iya ɗaukar kwano daga nan ya ajiye can. Na ce musu, to ku gyara zama, 'ya'yan nan. Ni na yi garso a garin nan na Gure tun iyayenku ba su san juna ba, bari in gaya muku yadda abin yake.

Gidan da na koyi aiki na wata 'yar Togo ne, Madam Afi. Mijinta makanike ne, ya zo tare da masu aikin hanya, ya mutu a nan, ita kuma ta ƙi komawa. Ta kama gida a ƙarshen gari, wajen da rairayi ke hawa katanga kowace shekara sai an sa shebur an kwashe, da goriba ɗaya a tsakiyar fili. Gidan kashi biyu ne. Gaba rumfar kaba ce da tebura, nan ake cin abinci a sha lemun kwalba, kowa na iya shiga da rana tsaka har da iyalinsa. Baya kuwa, bayan dangar zana, akwai benci da 'yan kujeru da wata ƙaramar ƙofa mai fita kan hanyar awaki. Ta wannan ƙofar manyan mutane ke shigowa, a sunkuye, kuma a nan ake sayar da giya.

Ranar da na fara, Madam ba ta bar ni na taɓa abinci ba. Ta cika kofuna da ruwa har baki, ta jera a faranti, ta ce in yi ta zagaya fili. Kun san rairayin Gure, ƙafa ɗaya na nutsewa ɗaya na neman tashi. Ta zauna a kujerarta tana tsinke tattasai, in ruwa ya zuba ba ta faɗa, sai dai ta tashi ta sake cika kofin. Mako guda ina yawo da ruwa kamar mai tallar da ba ya son ciniki. Bayan nan ta ba ni kayan aiki: tawul na kafaɗa, mabuɗin kwalba ɗaure da igiya a ƙugu don kada wani ya sa aljihu, ashana, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Ta kuma ɗora mini firigon kananzir. Wannan firigo ya fi jariri rigima. Kowace safiya sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa ka gyara lagwani. In wutar ta yi shuɗi, lemo zai yi sanyi. In ta yi ja tana hayaƙi, da yamma za ka kai wa mutum ruwan ɗumi ya zage ka da Faransanci.

Abincin Madam ba shi da yawan iri, amma ba a kushe shi. Zabo gasasshe, farfesun kan rago da tattasan Difa, taliya da miya, salati in an samo daga garake. Aikina shi ne ya isa tebur ba tare da ƙwayar rairayi ɗaya ba. Kwano ba ya fita daga madafa sai a rufe, kuma in iska na kaɗawa bayanka kake ba ta, kana tafiya a kaikaice. Mutum zai yafe maka gishiri ya yi yawa, amma haƙorinsa ya tauna yashi sau ɗaya, an gama, gari duka zai ji.

Babbar dokar gidan kuwa ba ta shafi kwano ba. Madam ta ce da ni, "Mamman, a bayan zanar nan ba wanda ke da suna." In za ka faɗi wanda ya nemi abu, sai ka ce na gindin goriba, ko na kusa da randa. In ka gamu da mutum a kasuwa, ba ka riga shi gaisuwa, in ya kau da kai, kai ma ka kau. Sannan ka san wanda ba ya son wane ya gan shi. Ba ka zaunar da shugaba kusa da yaronsa na ofis, ba ka haɗa 'yan jam'iyya biyu a benci ɗaya, in kuma suruki ya riga suruki shigowa, sai ka tare na biyun tun daga ƙofa ka ce masa yau babu wuri. Duk wannan kana yi da faranti a hannu, fuskarka ba ta nuna ka san komai.

Masu zuwa bayan zana yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne da aka turo daga wasu jihohi, malaman lakwal, wato makaranta, ma'aikatan asibiti, masu kaki. Dukkansu Musulmi, kuma ran Juma'a suna sahun gaba. Saboda haka kwalba ba ta hawa tebur. A madafa nake buɗe ta in juye a butar shayi, irin shuɗiyar nan ta tasa, in kai da ƙananan kofuna, ta yadda ko wani ya leƙo ta ɓular zana, shayi zai ga ana sha. Ban taɓa ganin shayi mai kumfa haka ba, amma su suka sani. Akwai mai yin bismilla kafin ya kurɓa, don baki ya saba. In za su tafi, kowa sai ya nemi goro ko ɗanyar albasa ya tauna, ya hura a tafin hannu ya shinshina. Ni dai ban taɓa kai ta bakina ba, amma ni mutanen gari suka sa wa suna Mamman na Madam, ni ake janye wa tabarma a wajen suna.

Mutum biyu ne suka fi ba ni aiki. Na farko Mushe Sumana, babban malami a wata lakwal, daga yamma ya zo. Dogo ne, da jan biro a aljihun gaba ko ranar hutu, kuma ko akuya ce ta tare masa hanya da Faransanci yake korarta. Da cokali mai yatsu yake cin kan rago. Kullum sai ya mai da abinci madafa sau ɗaya, ba don wani aibu ba, sai don a san ya taɓa ci a Yamai. Ni kuma in kai kwanon bayan danga, in tsaya kaɗan, in dawo masa da shi yadda yake, ya ɗanɗana ya ce yawwa, yanzu ya yi. Na biyu Majo Idi, ma'aikacin lafiya daga wajen Tawa, wanda da safe yake yi wa marasa lafiya wa'azi a kan hanta. Shi da Mushe Sumana ba sa ga maciji. In wannan ya ce a kawo buta biyu, wancan sai ya ce uku.

Ran Asabar bayan la'asar akwai kiɗa. Kalla mai gurmi ne ke zuwa daga Gidigir, tare da sanƙiransa Gaji, wanda ke buga ƙwarya yana shelar abin da aka ba da. Kalla ya iya gurmi, in ya taɓa tsirkiya har mai wanke-wanke sai ta tsaya da soso a hannu. Sai dai Madam ta gindaya masa dokar gida: ya yi kiɗa, ya yi waƙa, amma kada ya kama sunan kowa. Ku kuwa kun san maroƙi, suna ne jarinsa. Haka ya daure shekara da shekaru yana yabon mai farar riga, da mai jan biro, da baƙon da ya zo daga nesa. Su kuma suna liƙa masa kuɗi a goshi suna murmushi, kowa ya san da shi ake, ba wanda zai iya kai ƙara.

Sai mugunyar shekara ta zo, wadda aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, motar da ke kawo kwalabe daga Damagaram ta ninka kuɗi, kananzir ma ya yi tsada har muka kashe firigo muka koma randa da jiƙaƙƙen buhu. Manyan da ke cewa a kawo uku suka koma mutum uku a kan kwalba ɗaya, suna lura da hannun mai zubawa. Rumfar gaba ta zama wurin barcin kaji. Mu uku ne muke ci a bakin tukunyar Madam, ni da mai dafuwa da mai wanke-wanke, kuma ta gaya mana a fili, in abin bai gyaru ba kafin kaka za ta rufe gidan.

Nan ta fito da sana'ar uwarta. Ita tana ce masa cukutu, mu burkutu muka san shi. Ku da kuke ganin aikin gidan abinci wasa ne, da kun ga wannan. A jiƙa jar dawa, a shimfiɗa a ɗaki mai duhu a rufe da buhu ana yayyafa ruwa har ta tsira, a shanya, a kai inji. Sannan a dafa a rabin ganga, ni ne mai tuƙi da muciya doguwa kamar tabarya, hayaƙin itace yana cin idona tun safe. A tace, a bar shi ya yi tsami, washegari a sake dafawa, ya huce, ta zuba masa ɗan tsohon da ta ajiye, a rufe a manyan tukwane a ƙurya. In zafi ya yi yawa ya lalace, in ka yi gaggawa ya fito salam. Ranar da muka fara kaiwa tebur, Mushe Sumana ya yamutsa fuska ya ce abin ƙauye ne. Da ya ji kuɗinsa, ya shanye buta guda, ya ce ai a Turai ma gidajen da ke dafa tasu da kansu su ne na manyan mutane. Iyakar tafiyarsa a duniya Yamai ce.

Bayan zana ya sake cika, amma cukutu ba shi da riba sosai, kuɗin gidan a abinci yake, rumfar gaba kuwa shiru. Mushe Sumana ne ya kawo shawara. Ya ce matsalar Gure duhun kai ne, a Yamai gidan abinci ba ya kiɗa a ɓoye, ana jin sa daga titi, shi ke jawo mutane. Ya ce akwai amsa-kuwwar jam'iyyarsu da ta rage tun yaƙin neman zaɓe, zai aro. Madam ta ce to, a gwada Asabar ɗaya. Aka kawo ta da batirin mota da makirfo. Shi da kansa ya tsaya yana ba da umarni aka ɗaure ta a saman goriba, ya ce a juya bakinta wajen gari, tunda gari ake kira.

Abin da ba wanda ya lura da shi, in bakin amsa-kuwwa yana kallon waje, wanda ke zaune a gindinta ba ya jin ƙarfinta. A cikin fili kiɗan ya ɗan ƙaru kawai. Ranar kuma an yi ruwa da safe, iska ta kwanta, irin yammar da in jaki ya yi kuka a wannan unguwa ana jin sa a waccan. Kalla ya fara da taken da ya saba, lafiya lau. Har mutane suka fara leƙowa rumfar gaba, na kai zabo tebur biyu, Madam tana murmushi a bakin madafa.

Wajen faɗuwar rana Majo Idi ya tashi ya liƙa wa Kalla kuɗi, aka yabi baƙon da ya zo daga nesa. Mushe Sumana, wanda buta ta uku ke gabansa, ya ga an sha gabansa a kan amsa-kuwwar da shi ya kawo. Ya tashi yana tangaɗi, ya zaro takardar kuɗi babba ya manna a goshin Kalla, ya ce, "Bon, yau ba mai jan biro. Ka faɗi sunana, da na ubana, da garinmu."

Kalla ya dubi wajen madafa. Madam ta shiga ciki juya miya. Ni kuma a daidai lokacin aka aike ni sayen burodi, don ya ƙare. Mutum ya yi shekaru yana haɗiye suna, ga takarda a goshi, ga makirfo a gaba, me kuke zato zai yi?

Ina gaban mai burodi a tsakiyar gari na ji muryar Gaji ta faɗo daga sama, tas, kamar a kunnena yake. "Mushe Sumana ɗan Alfa Hamani, na bakin kogi, ya ba da jika guda! Ya ce a ƙara wa kowa buta! Ya ce cukutun Madam ya fi na kwalba!" Na daskare da burodi a hannu. Lokacin nan ne dattawa ke zaune a tabarmi ƙofar masallaci suna jiran magariba, mata na tsakar gida, yara sun dawo da awaki. Kafin in motsa sai ga shelar Majo, don ba zai yarda a bar shi a baya ba: sunansa, sunan ubansa, asibitin da yake aiki, da cewa shi buta biyu ya ƙara wa kowa. Daga nan sai layi ya kama. Duk wanda ya ji an kira abokin hamayyarsa sai ya tashi da tasa takardar.

Na kwasa da gudu. Wani tsoho da ke alwala a bakin hanya ya ɗaga kai ya ce, "Mamman, wane irin shayi ne wannan da ake ƙara wa mutane har suna rantsuwa da shi?" Ban tsaya ba. Na faɗa gidan na fizge waya daga batir. Kiɗa ya mutu, suka juyo suna harara ta, Mushe Sumana yana tambaya wa ya ba ni izini. Na ce masa, "Mushe, tun daga bakin kasuwa ake jin sunan mahaifinka." Ban taɓa ganin cukutu ya saki mutane da sauri haka ba. Ƙaramar ƙofar nan mutum ɗaya take ɗauka, ranar uku-uku suka riƙa fita.

Washegari yaran lakwal suna tafe suna rera "a ƙara wa kowa buta". Matan ma'aikata suka daina zuwa rijiya da kansu. Dattawan gari, waɗanda da ma sun san da gidan amma suna kau da ido tunda ba a ji ba a gani, yanzu dole su yi magana. Ba wanda ya sake taka bayan zana, rumfar gaba ma aka guje ta, don kada a ce.

Bayan 'yan kwanaki sai ga tawaga ta zo, da wani babba daga ofishin hukuma da takarda a hannu. Ku cinka wa ke gaba. Mushe Sumana ne, da babbar riga da hula da carbi, Majo Idi na gefensa, karon farko da na ga sun yarda da juna a kan abu ɗaya. Ya yi jawabi mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci, a kan tarbiyyar yara da mutuncin gari. Ya ce shi wucewa yake yi ta bayan gidan, maroƙi ya hango shi ta saman danga ya ɓata masa suna. Ya ce baƙuwa ce ta shigo mana da abin da ba mu sani ba. Madam tana tsaye da zane a ƙirji, hannu a ƙugu.

Babban ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan gari ne, ka ji tsoron Allah. Cikin mutanen nan akwai masu zuwa nan?"

Na dubi Madam. Da kalma ɗaya sai in tone su duka, kuma raina yana tafasa, don ina kallon abincina yana tafiya a bakin mutumin da na yi shekaru ina rufa wa asiri. Ta girgiza mini kai kaɗan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni kwano nake kallo, ba fuska ba." Ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce an rufe gidan daga yau, a zubar da abin da ke cikin tukwane a gabansa.

Ni na ciccibo su ɗaya bayan ɗaya na tuntsurar a rairayi. Aikin mako guda, da hayaƙinsa da tuƙinsa, ƙasa ta shanye kafin in ajiye tukunya. Warin ya cika fili, na ga maƙogwaron Majo yana motsi. Babban ya naɗe takardarsa, tawaga ta nufi ƙofar gaba. Mushe Sumana ya yi kamar takalminsa ya cire, ya tsaya baya. Ya matso kusa da ni, carbi na lilo a hannunsa, ya rage murya.

"Mamman, ƙaramar tukunyar nan ta ƙurya, wadda aka dafa ran Laraba. Ita ma ka zubar?"

Na tsaya na dube shi. An rufe gidan, takarda ta fito, tawul ɗin ma na sauke shi daga kafaɗa. Garso ne ba ya kama suna, ni kuwa tun ɗazu shi da bakinsa ya raba ni da aikin. Na juya wajen madafa, na ɗaga murya irin yadda nake yi in fili ya cika da mutane.

"Madam, Mushe Sumana yana tambaya ko da saura."

Tawaga ta tsaya cak a bakin ƙofa, babban ya waiwayo. Madam ta goge hannu da gefen zane, ta amsa daga inda take, ba ta ko dube shi ba.

"Ka ce masa babu, ɗana. Shi ya sa aka zubar."